Zane Biyu a Kan Sarƙar Tungar Maje

Dalilin da ya sa ake rataya jiƙaƙƙen zanen mata har guda biyu a kan sarƙa duk ranar da za a ja itace daga ruwa a nan Tungar Maje, shi zan gaya muku yau, tunda na ji ku da safe a mashigi kuna ta sheƙa dariya, wai maza sun koma shanya. Kai Barau, kai ka fi kowa, har da riƙe ciki. Ku kauce wa hayaƙin bandar nan ku zauna a inuwa. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya jira waƙa a ciki. Da idona na gani, kuma akwai hannuna a ciki, shi ya sa ban cika son ba da shi ba.

A da can ba inji, ba sarƙa, ba zane. In ambaliya ta ci gindin itace ya kifa cikin ruwa, sai Sarkin Ruwa ya sa a buga ganga, maza su fito da igiyar rama mai kaurin damtse. Mutum sittin, saba'in, su yi layi a tudu suna ja suna waƙa, mu mata muna kai musu fura. In igiya ta tsinke, sai dai su zube da baya a kan juna, a yi dariya, a ƙulla, a ci gaba. Ban taɓa jin igiyar rama ta kashe ko ɗan akuya ba. Daga baya samari suka fara tafiya birni ci-rani, wasu suka je suka ga wurin zama, gari ya rage sai masu furfura da 'yan tsirarun majiya ƙarfi. In an buga ganga, da ƙyar a haɗa mutum ashirin.

A shekarar da nake ba ku labari ina amarya, ban cika shekara a garin nan ba. Ruwa ya yi yawa a damunar, har wani maɗaci da ke bakin mashigi, wanda mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, ya faɗi ya gitta ƙoramar da jiragenmu ke bi su fita babban kogi. Saiwarsa tana gaɓarmu, kansa ya nutse a laka can ɗaya gefen. Jirgi ba ya wucewa ta sama, ba ya wucewa ta ƙasa. Aka gwada gatari, amma rabin itacen yana cikin ruwa, gatari kuwa ba ya sara a ruwa. Aka gwada igiyar rama da mutum ashirin ɗin nan, maɗaci ko gezau. Kifi yana can kogi, mu muna nan muna kallon juna, kwana ashirin bandar garin nan ba ta ga wuta ba.

To, akwai wani mutum ana ce masa Tunau, gwanin masuntan garin nan a zamaninsa. Kada ku je ku ce na ce mugu ne. Mutum ne da bai taɓa kuskure a ruwa ba, wannan kuwa shi ma ciwo ne. Matarsa Gwamma 'yar maƙera ce, mace mai shiru, da ita muke zuwa wanki. Tana da ƙane guda ɗaya, Arzika. Uwarsu ta rasu ta bar shi bai fara tafiya ba, Gwamma tana 'yar shekara goma ta goya shi a bayanta har ya yi ƙafa. A lokacin labarin nan Arzika magidanci ne da 'ya'ya uku, kuma shi kaɗai ne maƙerin garin. Ƙugiya, mashi, ƙusar jirgi, duk daga hannunsa suke fitowa. Gwamma ba ta da kowa a duniya sai mutanen nan biyu, mijinta da ƙanenta.

Kun san ƙanen mata abokin wasa ne. Tunau ba ya kiran Arzika sai da baƙin hannu, shi kuma Arzika ya ce masa mai ƙarni. In suka haɗu a maƙera, har masu wucewa kan tsaya su sha dariya. Wannan wasa shi ya cuce su, domin ranar da Arzika ya zo da maganar gaske, kunnen Tunau ya riga ya saba jin muryarsa a wasa.

Sarkin Ruwa na lokacin, tsoho Nomau, ya ji labarin wani inji da ake sayarwa a kasuwar Yawuri. Ba ya shan mai, da hannu ake murɗa shi, a ɗaure shi a gindin itace a tudu, mutum ɗaya ya ja abin da mutum ɗari ba za su ja ba. Gari ya haɗa abin da ya haɗa, Sarkin Ruwa ya kira Tunau da Arzika ya ce su je su zaɓo. Ya ce abin nan ƙarfe ne da igiya, ga mai ƙarfe ga mai igiya, amma in sun saɓa a bi maganar babba. Suka tafi a ƙasa har bakin titi, tunda ba hanyar jirgi, daga nan suka hau mota.

A kasuwa wani dattijo mai sayar da ƙarafa ya fito musu da iri biyu. Na farko baƙi ne, tsoho, mai sarƙa. Shi kansa sai mutum biyu sun kama, sarƙar kuwa kayan jaki ce. Sai ka murɗa hannunsa sau goma kafin ta matso tsawon tafin hannu. Na biyu sabo ne, jan fenti, mutum ɗaya ya saɓa shi a kafaɗa ya yi tafiyarsa. Yana da ganga da ke naɗe igiyar roba shuɗiya mai kaurin wuyan hannu, doguwa har ta wuce buƙata.

Tunau ya ɗaura igiyar a turken rumfa, ya sake mata dukan nauyinsa. Ta miƙe. Ya saki, ta koma yadda take. Nan take ya ce ya ga abin da ya zo nema. Kuma kada ku ga wautarsa, domin a wurin masunci wannan ita ce igiya. Duk wanda ya taɓa kama giwan ruwa ya san igiya mai taurin kai fizga ɗaya take tsinkewa, amma mai miƙewa tana bin kifi tana shanye ƙarfinsa har ya gaji ya juya ciki sama. Shekara talatin Tunau yana zaɓen igiya haka, bai taɓa jin kunya ba. Shi kuwa Arzika ya tsuguna gaban sarƙa yana ƙwanƙwasa ta gaɓa-gaɓa da 'yar gudumarsa yana saurare.

"Yaya Tunau, mu ɗauki mai sarƙa," in ji shi.

"Baƙin hannu ya ga danginsa," in ji Tunau. "Da wannan sai kaka ta wuce muna murɗi."

"Sannu ba ta hana zuwa. Kifi yana gajiya, Yaya, itace ba ya gajiya. Igiyar nan duk ƙarfin da ka zuba mata ajiye shi take yi. Sarƙa in ta tsinke, faɗuwa take a inda take. Wannan in ta tsinke gida take komawa, kuma gida biyu gare ta."

Kun san danƙon da kuke harbin tsuntsu da shi, yadda in ya tsinke yake dawowa ya sami fuska? To, ku ƙaddara danƙo mai kaurin hannuna, wanda aka ja da ƙarfin mutum ɗari. Abin da Arzika yake nufi ke nan. Dattijon mai ƙarafa ma ya goyi bayansa, ya ce mai igiyar nan na jan kayan da ke tafiya ne, kamar fitar da jirgi tudu, amma itacen da ya sha ruwa ya kama laka nauyinsa ya ninka abin da ido ke gani. Tunau ya tambaye shi ko ya taɓa kwana a kan ruwa. Dattijo ya ce a'a. Tunau ya ce to abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma Sarkin Ruwa ya ce a bi maganar babba. Ya saɓa jan inji a kafaɗa, Arzika ya biyo shi a baya har gida.

Da suka iso, gari ya taru a ƙofar Sarkin Ruwa ana shafa jan fenti ana sa albarka. Arzika ya nemi magana. Ya ce tunda an riga an ɗauko, to a yi masa alfarma ɗaya, a jiƙa buhu biyu a ɗora wa igiyar, ɗaya kusa da mai murɗi, ɗaya kusa da itace. In ta tsinke, nauyin buhun zai danne ta ƙasa kafin ta isa ga mutum. Tunau ya ce igiyarsa ba jaki ba ce da za a ɗaura mata akumari. Maza suka fashe da dariya, mijina yana cikinsu. Tunau ya ga dariya ta karɓe shi, sai ya ƙara da rantsuwa, ya ce in ya ga buhu a kan igiyar nan zai cire hannunsa, maɗaci ya ruɓe a inda yake. Sarkin Ruwa bai so ya kunyata gwaninsa a gaban jama'a ba, ya ce a bar maganar buhu. Aka sa rana, gobe da hantsi.

Da la'asar Gwamma ta je maƙera ta tarar da ƙanenta yana ƙera ƙugiyar da za a maƙala wa maɗaci. A nan ta ji cewa shi ne zai hau kan itacen ya kula da ƙugiyar, mijinta kuma shi ne zai riƙe hannun inji. Wato bakin igiya ɗaya yana kallon mijinta, ɗayan yana kallon ƙanenta. Ta roƙe shi kada ya hau. Ta tuna masa 'ya'yansa, ta tuna masa bayanta da ya kwanta a kai.

"Yaya, in ban hau ba wani zai hau, wanda bai san lokacin tsalle ba," in ji Arzika. "Ni idona yana kan igiya. Kafin ta tsinke takan yi gashi, zarenta ya fara tashi, ina ganin haka zan faɗa ruwa. Mijinki nake ji, shi ba shi da ruwan faɗawa."

Ta tambaye shi ko dole sai buhu. Ya ce a'a, kowane abu ne mai faɗi da ya sha ruwa ya yi nauyi, amma dai ya zama biyu.

Ta koma gida ta roƙi mijinta. Ya ce ashe ita ma ƙanen nata ya hura mata zugazugi a kunne, ta ba shi tuwonsa ya ci. Gwamma ta zauna ta yi tunani. Ba ta isa ta sauka mashigi da buhu ba, kowa zai gani ya tare ta. Amma mace da ƙwaryar wanki a ka, ba mai tambayarta. Sai dai a zamanin nan ba kamar yanzu ba ne da kowace yarinya ke da akwati. Zane biyu gare ta, ɗaya a jiki, ɗaya a wanki. Ɗaya ke nan a hannu, tana neman na biyu.

Da sassafe ta bi gidaje tana neman aro. Wata ta ce nata yana jiƙe da fitsarin yaro, wata ta ce sai ta tambayi maigida. Har ta iso gare ni. Ni kuwa amarya ce, zane biyar ne a akwatina, uku ko ɗaura su ban taɓa yi ba. Ta tsaya a bakin ɗakina, mace da ta kusa haifata, ta gaya mini abin da za ta yi da shi ba ɓoye-ɓoye.

"Kulu, ara mini ɗaya, ko mafi tsufa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In an gama zan wanke miki shi da hannuna."

Na ce mata makullin akwatin yana wurin maigida. Ƙarya nake, yana ɗaure a bakin zanena, ina jin sanyinsa a cikina ina maganar. Gaskiyar ita ce na ji tsoron a ce zanen amaryar wane ne aka yi akumari da shi, kuma na ji tausayin zanena kada baƙin man inji ya ɓata shi. Ta dube ni, ta ce ba komai, Allah ya bar zumunci, ta juya.

Da hantsi gari duka ya hallara. Aka ɗaure inji a gindin tsamiyar nan da kuke hawa, aka ja igiya ta bi ta kan ruwa mara zurfi, kamar taku arba'in, har zuwa kan maɗaci. Arzika ya shiga jirgi ya je ya maƙala ƙugiya, ya hau gangar itacen ya tsuguna kusa da ita. Maza suka cika gaɓa, da Sarkin Ruwa da liman da surukan kowa. Mu mata muna gefe wurin wanki, kowa da ƙwaryarta amma ba mai wanke komai. Gwamma tana kusa da ni, zanenta ɗaya yana jiƙe a ƙwarya.

Tunau ya yi bisimilla ya fara murɗi. Haƙorin inji yana cewa ƙas, ƙas, ƙas. Igiya ta taso daga ruwa tana ɗiga, ta miƙe sambal. Ya ci gaba. Igiya tana shigowa ganga, amma maɗaci bai motsa ba, wato ba itacen ke tahowa ba, igiyar ce ke miƙewa. Tunau ya ji daɗi, ya ce wa mutane su duba yadda take shanye ƙarfin maɗaci, yanzun nan zai sallama. Ya kira mutum biyu suka kama masa hannun inji. Igiyar da ta zo da kaurin wuyan hannu ta rame ta koma kamar sandar makiyayi, ruwan jikinta ya tsane, ta fara wani siririn kuka da ban taɓa jin igiya ta yi ba.

Arzika ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Tunau ya amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ce baƙin hannu ya ga ruwa ya tuna bai iya iyo ba. Aka yi dariya. Ya ƙara murɗawa.

Sai Gwamma ta miƙe. Ta ɗauki jiƙaƙƙen zanen nan, ta ratsa tsakiyar maza, ta wurga shi a kan igiya taku kaɗan daga gaban mijinta. Ya faɗa ya rataya yana zubar da ruwa. Tunau ya daka mata tsawa, ya ce wani ya cire masa tsumman nan, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin matsawa kusa. Ita ko waiwaye ba ta yi ba. Ta bi gefen igiya ta faɗa ruwa, ya kai mata idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai cinya. Ta isa inda in ta wurga zane zai sauka kusa da ƙanenta. Ta kai hannu kan ɗaurin zanen da ke jikinta, a nan ƙirji.

A nan ta waiwaya. Maza sun fi arba'in a gaɓa, ga liman, ga Sarkin Ruwa, ga yayyen mijinta, duk idonsu a kanta, dariya ta ɗauke. Mace mai shekara arba'in da ko gashin kanta ba a taɓa gani a waje ba. Hannunta ya tsaya a kan ɗaurin. Ba ta daɗe ba, bai fi a ja numfashi uku ba. Na ƙirga su sau da yawa tun daga ranar.

Arzika ya ga hannun yayarsa, ya gane abin da za ta yi. Ya yi abin da kowane ƙane mai tarbiyya zai yi, ya kawar da fuskarsa gefe don kada ya ga tsiraicinta. Idonsa ya bar kan igiya. Bai ga lokacin da ta yi gashi ba.

Ƙarar ta yi kama da ta bindiga. Igiya ta rabu a tsakiya. Bakin da ya nufi tudu ya zo da gudu ya naɗe cikin jiƙaƙƙen zane, ya faɗi a gaban ƙafar Tunau, laka kawai ta fantsa masa a ƙwauri. Ɗaya bakin ba abin da ya tare shi. Ya sami Arzika a wuya, ya ɗauke shi daga kan itacen ya jefa tsakanin rassa. Tunau ne ya fara faɗawa ruwa, kuma shi ya fito da shi, don na gaya muku a ruwa ba shi da na biyu. Amma abin da ya fito da shi ba ya numfashi. Kafin la'asar an kai Arzika makwancinsa. Gwamma kuwa tun da igiya ta tsinke tana nan tsaye a ruwa hannunta a ƙirji, sai da mata biyu suka shiga suka janyo ta.

Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba, abin da ya fi damun mutane ke nan. Ranar uku na buɗe akwati na kwaso zannuwan nan uku da ban taɓa ɗaurawa ba, na je na ajiye a gabanta ina kuka. Na gaya mata makullin yana jikina ranar nan, ƙarya na yi mata. Na so ta mare ni, da na ji sauƙi.

"Kulu, kwashe kayanki," in ji ta. "Ban ga laifinki ba. Ni ma ina da ɗaya a jikina, na hana shi."

Bayan sadakar bakwai Tunau ya saɓa jan injin ya koma Yawuri shi kaɗai. Ya dawo da baƙin nan mai sarƙa a bayan jakuna biyu, shi ne wanda kuka gani yau. Da aka ɗaure shi a tsamiya aka ja sarƙa har kan maɗaci, ya tsaya gaban jama'a ya ce ba zai taɓa hannun inji ba sai an rufa wa sarƙa. Wani ya ce ai sarƙa ba ta dawowa, ba ta buƙata. Tunau ya ce ya sani. Aka kawo buhu, ya ce ba buhu ba, zane. Mata muka watse gidaje da gudu, wadda ta ce nata yana da fitsari, da wadda sai ta tambayi maigida, da ni mai makulli, kowa ta dawo da nata. Zane ya fi ashirin a kan sarƙa ranar nan. Gwamma ta sauko, ba ta ce wa kowa sannu ba, ta bi tana cirewa tana miƙa wa masu su har ya rage biyu. Ta ce biyu Arzika ya ce.

Kwana tara aka yi ana fama, tafin hannu bayan tafin hannu. A rana ta biyar gaɓa ɗaya ta sarƙar ta tsinke. Ta faɗa ruwa tsulum a inda take, ko agwagwar da ke iyo a gefe ba ta tashi ba. Tunau ya dubi wurin, ya saki hannun inji, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara a gaban kowa. Aka rasa mai haɗa sarƙar, domin maƙerin garin yana cikin ƙasa. Sai da aka kai ta wani gari aka yi kwana biyu ana jira. A rana ta tara maɗaci ya saki laka ya juyo gaɓa, jirage suka fita, banda ta ga wuta. Ba wanda ya buga ganga.

Tunau da Gwamma sun ƙara shekara ashirin tare. Tana dafa masa, tana wanke masa, yana kawo mata kifi mafi kyau a jirginsa. Ban taɓa jin ta ɗaga masa maganar ba, ban kuma ƙara jin ya yi wasa da kowa ba. Ta gaya mini sau ɗaya, muna wanki, cewa takan tambayi kanta me ya sa ta fara da wajen tudu, ko don ya fi kusa ne ko don wani abu, kuma ba ta samu amsa ba. Matar Arzika ta gama takaba ta koma garinsu da 'ya'yanta, maƙera ta rushe a damuna ta biyu. Ƙugiyar da ubanninku ke saye a kasuwa, a da a nan ake ƙera ta. Ita kuwa Gwamma har ta bar duniya ba ta ƙara sauka mashigi ba sai da zane biyu a jikinta, ɗaya a kan ɗaya, ko ana zafin da ke dafa ƙwai.

Shi ya sa har yau, in za a zaɓi injin jan itace a Tungar Maje, mai sarƙa ake ɗauka kome nauyinsa, kuma ba a murɗa shi sai an jiƙa zanen mata biyu an rataya, na wajen ruwa ake fara ratayawa. Wancan shuɗin da ke wajen ruwa, wanda ya fi ba ku dariya, Barau, nawa ne. Shekara arba'in da shida ke nan nake kai shi mashigi tun kafin a tambaya. Sau ɗaya aka taɓa roƙona, ran nan kuwa ban bayar ba.